Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayar da gida, ka ci bashi, ko ka ɗaura wa ɗaki AC

A garuruwanmu mai gida ya fi zuba kuɗi a kan abin da ido ke gani: fenti, tayil, ƙofar ƙarfe mai sheƙi, silin mai ado. Amma duk wanda ya taɓa zama a kotun da ake shari'ar filaye, ko a sashen bashi na banki, ko a rumfar masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya san asarar da ke karya magidanci daga ɓoye take fitowa. Takarda ce da ke ƙasan akwati ba a taɓa dubawa ba, ko wani rubutu da aka yi a kan sunansa a rumbun bayanan bankuna bai sani ba, ko siririyar waya da aka binne a bango. Ba sa damun kowa sai ranar da buƙata ta taso, ranar kuwa gyara yana da tsada.

Mene ne kake sayarwa?

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne ke riƙe da wannan matsayi. Abin da kake da shi izinin zama ne da amfani, wanda galibi ake ba gidan zama na shekara 99, kuma takardar shaidarsa ita ce wadda kowa ya sani da C of O.

Sashe na 22 na dokar ya ce ba za ka sayar da wannan izini, ko ka jinginar da shi, ko ka mayar da shi ga wani ba sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin tsarabe-tsaraben lauyoyi, alhali Kotun Ƙoli ta nuna nauyinsa tun 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda ta soke jinginar da aka yi wa banki da gida saboda ba a nemi amincewar gwamna ba. Idan banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga ɗan kasuwar da ya sayi gida da takardar hannu mai shaidu biyu? Ana iya ƙulla yarjejeniya a biya kuɗi, amma mallaka ba ta gama komawa hannun mai saye sai an samu amincewar an kuma yi rajista.

Mai sayarwa zai ce wannan ai ciwon kan mai saye ne. Ba haka ba ne. Muddin sunanka ne a rajistar ma'aikatar ƙasa, kai za a nema da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, kuma kai za a kira idan rigima ta ɓarke a kan gidan bayan shekara goma.

Takardu kafin fenti

Kafin ka kira dillali, je ofishin da ke kula da bayanan filaye na jiharka: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ka nemi a bincika fayil ɗin gidanka kamar kai ne mai saye. Abin da kake son gani shi ne sunanka daidai yake, lambar fuloti ta dace da taswira, babu wata jingina ko gargaɗin kotu da ke rataye a kai, kuma nawa ne kuɗin ƙasa da ya taru. Kada a raina wannan na ƙarshe: a 2025 hukumar babban birnin tarayya ta soke takardun dubban filaye saboda an shafe shekaru ba a biya shi ba.

Gidajen awon igiya, waɗanda su ne mafi yawa a sababbin unguwannin gefen gari, nasu lissafin daban ne. Abin da ke hannun mai gida takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa ko dagaci. Tana da amfani, tana nuna daga hannun wa fili ya fito, amma ba ta kai C of O ƙarfi ba, kuma da wuya banki ya karɓe ta. Mai irin wannan gida ya tattara duk takardun cinikin baya, daga mai gona har zuwa kansa, kada ɗaya ta ɓace a tsakiya. Idan yana da hali da lokaci ya nemi takardar gwamnati kafin ya sa gidan a kasuwa, domin tana buɗe ƙofa ga masu saye da kuɗin banki da ma'aikatan da ke cin gajiyar asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire musu kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa. Waɗannan ba za su ko kalli gidan da ba shi da cikakkiyar takarda ba.

Takarda ta asali ba ta barin hannunka sai kuɗi sun shiga. Dillali ko mai saye kwafi za ka ba su, shi ma ka ja layi a tsakiyarsa ka rubuta cewa don bincike ne kawai. Rubutun nan da ake gani a bangon gidaje a birane, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, daga irin wannan sakaci ya samo asali.

Gidan gado

A nan zumunci ya fi lalacewa. Babban wa ba shi da ikon sayar da gidan da ba a raba ba don kawai shi ne babba, ko shi ke riƙe da takardu. Kowane magaji sai ya amince, har da mata da waɗanda suke aure a wani gari, marayu ƙanana kuwa sai ta hannun waliyyinsu da sanin alƙali. Hanya mafi aminci ita ce kotu ta raba gadon ta ba da takarda, sannan a yi ciniki.

Akwai kuma haƙƙin shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe kason. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a mazhabar, ko da yake al'ada ta tanadi a fara yi masa tayi, kuma wanda ya tsallake maƙwabcinsa ya sayar wa baƙo zai sha magana.

Dillali da ranar ciniki

Dillali nagari yana da rana. Ya san wanda ke nema, ya san nawa aka sayar da gidan bayan layi, ya san kuma wanda ke yawon kallon gidaje ba ko sisi a aljihunsa. Matsala tana farawa ne idan ba a yanke la'ada tun farko ba. Kashi 5 cikin 100 aka fi ji, amma ba doka ba ce, yarjejeniya ce. A faɗi ko nawa ne, a faɗi wa zai biya, a rubuta. Sannan ka tsayar da dillali ɗaya ko biyu. Gidan da ya shiga bakin dillalai goma yakan fito da farashi goma, kowa ya ɗora nasa a kai, mai saye ya ji miliyan arba'in a nan ya ji hamsin a can, ya ce lallai akwai lauje cikin naɗi ya janye.

Ka dage a haɗa ka da mai saye ido da ido. Ga yadda zaman kan kasance: an shimfiɗa darduma a soro, mai saye ya yi tayi, mai gida ya ce albarka. Dillali ya jawo shi gefe yana raɗa, "Alhaji, ka sallama mana, wallahi kasuwar ta yi sanyi, wannan in ya tafi ba dawowa zai yi ba." Ya koma wajen ɗayan, "Yallaɓai, ƙara ko miliyan ɗaya ce, mutumin nan ba matsuwa ce ta sa shi sayarwa ba." Ba laifi, sana'arsa ke nan, amma ka tuna shi burinsa ciniki ya faɗa yau. Idan an sallama aka ba da kafin alƙalami, a rubuta nan take ranar da za a cika sauran, da abin da zai faru da kuɗin idan ɗaya ya fasa. Rashin wannan layi guda ya kai mutane da dama gaban alƙali.

Kuɗi kuwa ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Buhun kuɗi a but ɗin mota ya saɓa doka, ga haɗarin jabu da na 'yan fashi. Kada ka yarda da saƙon shigar kuɗi na waya kaɗai, domin ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin ka miƙa mukulli.

Me ke cikin ciniki, me za ka kwashe?

Mai saye ya zagaya gida ya ga AC uku, famfon burtsatse, tankin ruwa, farantan sola a kan rufi. Ranar tarewa ya tarar da ramuka a bango da wayoyi suna reto. Kowa na ganin shi ke da gaskiya. A lissafa waɗannan ɗaya bayan ɗaya a takardar ciniki. Haka bashin wuta: mita ko da mai kati ce tana iya ɗauke da tsohon bashi da ake yanka duk lokacin da aka sayi yuniti. Ka biya, ka karɓi shaida daga kamfanin rarraba wuta, a sauya suna.

Aibin gida kuma a faɗe shi. Rufin da ke yoyo, bangon da ke jan ruwa da damina, layin da ambaliya ke ci. Shafe su da fenti ha'inci ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Sunanka a rumbun bankuna

Da yawa ba su san cewa akwai fayil a kansu ba. Babban Bankin Najeriya ya ba kamfanoni uku lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna, har da waɗanda ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, da ƙananan bankuna da manhajojin ba da rance masu rajista, suna aika musu bayanin wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, ya biya a kan lokaci ko ya yi jinkiri. Daga nan ake fitar wa mutum maki. Na CRC yana tsakanin 300 ne da 850. Duk wannan yana ɗaure da lambar BVN mai lamba 11 da aka fara bayarwa a 2014, don haka sauya banki ba ya wanke kowa.

Me ya haɗa wannan da mai gida? Wanda ya sayar da gida galibi wani zai saya ko zai gina, kuma sau da yawa kuɗin ba sa isa sai an nemi ciko. Ranar ce zai ji an ce sunansa na da tabo, saboda rancen dubu ashirin da ya karɓa ta waya ya manta, ko saboda ya biya amma ba a goge ba.

Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar kuskure. Ka yi amfani da ita watanni kafin ka buƙaci banki, domin gyara yana cin lokaci. Duk bashin da ka gama biya ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka ajiye ta tare da takardun gida.

Akwai wani tsari da mai sayar da gida ya kamata ya sani sosai. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da umarnin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka bashin da ya wuce wa'adi damar cire uwar kuɗin da ribar da ta taru daga duk wani asusu mai ɗauke da BVN ɗinka, a kowane banki yake. Mutane da yawa a Arewa sun karɓi rancen korona na 2020, ko na shirin manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da tunanin rabon gwamnati ne. Rance ne, an kuma sa hannu. Wanda ke da irin wannan a wuyansa ya je ya daidaita da bankin kafin kuɗin gidansa su sauka a asusu.

Tsaya wa wani kuma ba sa hannun kara ba ne. Idan ka tsaya wa ƙaninka ko abokin kasuwarka ya kasa biya, kai za a kama. Hana ɗan'uwa na da nauyi a al'adarmu, shi ya sa dabara ita ce ka tambayi kanka ko za ka iya biyan kuɗin gaba ɗaya ba tare da ka sayar da komai ba. Idan ba za ka iya ba, gara ka ba shi abin da ya sawwaƙa kyauta. Takardar gidan da iyalinka ke ciki kuwa, ba ta aro ba ce ko ga wa.

Saura layin waya. BVN, NIN da lambar sirri da banki ke turowa ba a faɗa wa mai kira, ko ya ce daga hedikwata yake. Idan waya ta ɓace a rufe layi da asusu a ranar. Layin da ka daina amfani da shi kamfani na iya sake sayar wa wani, don haka ka cire shi daga bankinka tukuna, in ba haka ba baƙo zai riƙa karɓar saƙonninka, wani ma ya ci bashi da sunanka.

AC: girma da iri

A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki ta daina zama kayan alatu ga mai tsoho ko jinjiri a gida. Sai dai yawancin masu saye farashi da sunan kamfani kawai suke tambaya.

Mai ƙarfin doki ɗaya tana ba da sanyi kusan BTU 9,000, mai ɗaya da rabi 12,000, mai biyu 18,000. Ƙaramin ɗakin kwana doki ɗaya ya ishe shi, amma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye, ko mai tagar da ke kallon yamma, sai an ƙara. Ƙarama a babban falo ba za ta huta ba, za ta sha wuta ta mutu da wuri. Wadda ta yi wa ɗaki girma kuma tana ta kunnawa da kashewa ne, wanda shi ma yana gajiyar da kwamfuresa.

Ka duba takardar jikinta ko an rubuta T1 ko T3. Ta farko an gwada ta ne a zafin waje na digiri 35, ta biyu a 46. Ga mutumin Legas bambancin ba wani abu ba ne, amma a Arewa shi ne dalilin da wata na'urar ke sanyi da dare ta koma hura iska da azahar.

Mai inbata ta fi tsada a shago, amma tana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ta mutu ta sake tashi, kuma ba ta fizgar wuta da ƙarfi wajen tashi. Wannan ne ya sa ƙaramin janareto ko sola ke iya ɗaukarta. Ga lissafi: mai doki ɗaya da rabi marar inbata tana jan kusan kilowat 1.2. Idan ta yi awa 8 ba hutu, yuniti 9.6 ke nan a dare, 288 a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin yuniti na rukunin Band A naira 225, daga baya ya sauko kusan 209. A wannan farashi ɗaki guda ya ci kimanin naira 60,000 a wata. Wanda ke wannan rukuni ya sayi marar inbata don rangwame, kuɗin da ya rage zai biya su a mita.

Ɗaurawa da kulawa

Na'ura mai kyau a hannun mugun mai ɗaurawa asara ce. Ta samu wayarta daban daga akwatin rarraba wuta, mai kauri murabba'in milimita 2.5 aƙalla ga doki ɗaya da rabi, da birekarta, ba a jona ta a soket ɗin talabijin ba. Gobarar dare da yawa daga waya mai zafi a cikin silin take tashi. Bututu ya zama na jan ƙarfe. Kafin a saki gas a zuƙe iskar cikin bututun da injin zuƙa. Masu gaggawa suna tsallake wannan, danshin da ya rage a ciki kuma shi ke cin kwamfuresa a hankali. Kan na'urar da ke waje ya samu inuwa da sararin shan iska. Inda wuta ke rawa a sa stabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta tashi, domin idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kwamfuresa na buƙatar kamar minti 3 kafin ta sake tashi.

Gas ba ya ƙarewa kamar man mota. A rufe yake zagayawa, idan ya ragu to akwai inda yake zuba. Mai gyaran da ke zuwa duk shekara ya ce "Alhaji, gas ne ya yi ƙasa" ya ƙara ya tafi, bai gyara komai ba. Ka ce ya nemo hujin da ruwan sabulu ya toshe. Ka kuma san irin gas ɗin na'urarka, R22 ne, R410A ko R32, ba a gauraya su. R22 ana kan janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, abin lura ga mai sha'awar tsohuwar na'ura 'yar kwatano.

Sau da yawa ma ba gas ba ne. Buɗe murfin gaba bayan hunturu ka zaro ragar tace ƙura: za ka ganta ta yi jawur, ƙura ta kama ta kamar bargo, ka ɗaga ta ga rana haske ba ya ratsawa. Wanke ta da ruwa, ta bushe a inuwa, a mayar. Aikin minti goma ne da yaro zai iya, a yi shi duk mako biyu lokacin ƙura. Kan waje kuma mai gyara ya wanke shi kafin zafin Maris ya kama.

Saita ta a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi a na'ura marar inbata, hana ta hutawa kawai yake yi. Tsakanin 24 da 26 tare da fankar sama ya wadatar. Indiya, wadda zafinta bai gaza namu ba, ta wajabta wa kamfanoni tun 2020 su fitar da sababbin na'urori a saite kan 24. A toshe ƙasan ƙofa, a sa labule mai kauri a tagar yamma, a sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, a dasa darbejiya inda za ta yi wa bangon yamma inuwa. Janareto kuwa a waje, nesa da taga, domin ɗakin AC a rufe yake ruf, hayaƙinsa kuma yana kisa cikin barci.

Wanda ba shi da halin AC, na'urar sanyi mai ruwa ta dace da busasshen zafin Maris da Afrilu, wutar da take ja kuma ba ta fi ta babbar fanka da yawa ba. Tana buƙatar a bar taga a ɗan buɗe, a riƙa sauya ruwan kada ya yi wari. Da damina ta sauka iska ta yi danshi sanyinta yakan ragu sosai, sai a kashe famfon ruwan a bar ta ta yi aikin fanka.